Birgin Babana a Ruwan Timiya

Wani koksur ne, ɗan kamashon mota, a tashar Ƙonni ya juya mini hanya, kuma har gobe in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci. Ni Cadi na nufa. Can ƴan'uwana Sarkawa masunta suke zuwa su in gulbin gida ya yi musu kaɗan, ni kuwa ya yi mini kaɗan tun ranar da babanmu ya rasu, yayana Sani ya riƙe jirgi, ya riƙe taru, ya miƙo mini birgi, ragar jefawa, guda ɗaya ya ce rabona ke nan. Ban yi gardama a kan birgin ba, don shi ne wanda tsohon ya saƙa da hannunsa, shi yake jefawa har ƙarfinsa ya ƙare. Na dai rantse a gaban dangi cewa ba za a sake ganina a Gaya ba sai na sami ruwa nawa na kaina, na kama da birgin nan abin da jirginsa bai kama ba. Ƙuruciya ce, ga kuma zuciya a kusa.

Lokacin ƴancin kai bai daɗe ba, sabuwar tuta ko'ina, kowa yana cewa ƙasa ta dawo hannunmu, duk inda mutum ya sa ƙafa gida ne. Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske.

Ina zaune a kan buhuna ina jiran motar gabas sai ga shi, siriri, da wata tsohuwar hular soja. Ya shinshina iska ya ce, "Abokina, kifi nake ji. Masunci ne?"

Na ce, "Ɗan masunci, jikan masunci."

"Ina aka nufa?"

"Cadi."

Ya kama baki. "Cadi? Haba! Inda taru ya fi kifi yawa? Ga ruwa can Abzin, bayan Agadas, wani wuri Timiya, yana faɗowa daga kan dutse rani da damina, ya taru a ƙasa, sanyi ƙalau. Na rantse da abin da zai kashe ni, tun da aka halicci ruwan nan ba wanda ya taɓa jefa masa ko ƙugiya."

"Ba masunta a can?"

"Ko ɗaya. Kai za ka zama sarkin ruwa."

Ashe ba abin da ya dame shi da ni ko da ruwa. Kamyon Agadas ce, babbar motar kaya, ba ta cika ba, shi kuma sai ta cika zai ci abinci. Kafin in gama tunani buhuna yana sama.

Bayan Tawa itatuwa suka fara gajarta, can gaba suka daina zuwa ma gaba ɗaya. Ina leƙe ta gefen kamyo ina neman ko tabki ne, ko fadama, ko ɗan zalɓe a tsaye, babu. Na riƙa ba kaina haƙuri ina cewa ai ruwan yana bayan duwatsu. Mutanen da ke kusa da ni suna ta matsawa, don na ɗauko bandar kifi guzuri, rana kuma ta buga ta. A Ingal direba ya sa na ɗaure buhun can baya wajen awaki. Na bi buhuna, na ƙarasa tafiyar tare da su.

Agadas ta fara da hasumiyar masallaci, doguwa, ta ƙasa, itatuwa sun fito mata ta kowane gefe. Na sauka ban san kowa ba. Wani mahauci Bagobiri da ya ji harshena ya nuna mini gidan wata tsohuwa a cikin tsohon gari, Inna Gaisha, mai saukar da baƙi. Na bi lunguna har na same ta a tsakar gida tana saƙar tabarma. Ta yi mini maraba da Hausarta mai laushi, ta nuna mini wani ɗan ɗaki kusa da turken awaki.

To, ni an yi mini tarbiyya. Na kwance buhu na zaro yankin giwan ruwa mafi kyau, wanda na ɓoye tun daga gida, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Sai na ga ta ja da baya ta kai gefen zane hanci.

"Mene ne wannan, ɗana?"

"Giwan ruwa ce, Inna. A garinmu sai babban mutum ake ba."

"Allah shi yi albarka. Mai da abinka. Mu nan ba mu cin abin ruwa."

Na zaci tsohuwar ce kawai. Ashe yawancin mutanen ƙasar haka suke, musamman Abzinawan duwatsu, su kam ƙyamarsa suke yi ƙiri-ƙiri. A nan na fara gane dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa jefa ƙugiya a ruwan Timiya. Amma zuciya ta ce mini ba komai, ai akwai ƴan kudu a gari, akwai sojoji, akwai ma'aikata, in na kawo kifi za su saya.

Daga ranar aka ware mini akushi, wani mai tsaga a baki. Sauran baƙin gidan suna haɗuwa a zaure su ci tare, ni kuma a ajiye mini nawa a ƙofar ɗaki. Ba wanda ya zage ni. Cewa kawai suka yi ƙarni yana hannuna. Kifin ya ƙare da daɗewa, na wanke hannu da toka, na wanke da ƙasa, akushin dai bai koma zaure ba. Sunana ma ya ɓata, kowa Mai Kifi yake ce mini, har yara a lungu. Wallahi cin abinci kai kaɗai ciwo ne. A gida hannu yana karo da hannu a cikin ƙwarya, ana faɗa a kan kan tarwaɗa, a nan kuwa ina jin dariyarsu daga zaure ina tauna tuwo ni da awaki.

Da na tambayi hanyar Timiya aka yi mini dariya. Nisa ne mai yawa cikin duwatsu, ba motar da ke zuwa, sai dai in jira mutanen can su dawo daga ƙasar Hausa da raƙuman hatsi, ƙarshen bazara. Na ce to nan kusa fa, ba gulbi? Wani ɗan gidan ya ce akwai mana, Telwa, zo in kai ka. Na saɓi buhu da sauri. Muka fita bayan gari, ya tsaya a bakin wani faffaɗan rairayi ya ce, "Ga shi."

"Ina?"

"Kana tsaye a cikinsa."

Na ce, "Kai, da ni kake wasa?" Ya rantse ba wasa ba ne, in damina ta yi kyau ruwa yakan zo ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ja wur, da itace da mushen awaki. Na zage shi, na zagi gulbin nasu, na juyo ni kaɗai. A hanya na ji kunya, don yaron mutane bai yi mini komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne birgin. Zaren auduga ne, babana ya rina shi da bagaruwa, kuma tun ina ƙarami yake ce mini kada in bari ya daɗe a bushe, in ya daɗe zaren yakan yi tauri ya riƙa karyewa. A Gaya wannan magana ba ta da wahala. A Agadas kuwa iska kanta tsotse abu take yi, leɓɓana sun tsattsage, ina ga zare. Ruwan gidan a kan jakuna ake kawo shi daga rijiya, Inna Gaisha tana auna wa kowane baƙo nasa a ɗan tulu. Sai na riƙa shan rabi, rabin kuma in shimfiɗa birgi a ɗaki in yayyafa masa.

Wata rana da hantsi ta leƙo neman akuyarta ta kama ni.

"La'ilaha illallahu! Ruwan sha kake ba igiya?"

"Ba igiya ba ce, Inna."

"To mece ce? Jaki ya yi tafiya tun asuba, mutum ya ja guga har hannunsa ya yi kanta, kai kuma ka zo kana shayar da igiya? Kai wane irin mutum ne?"

Zuciyata ta taso, na miƙe. "Rabona ne! In na ga dama in zubar! Birgin babana ne, shi kaɗai ya bar mini, in ya karye ba ni da komai a duniya. Ba ku ci da ni, ba ku zama da ni, shi ma ɗin sai kun hana shi ruwa?"

Ban san muryata za ta karye ba sai da ta karye. Ta tsaya tana kallona, ta kalli birgin, ta ja akuyarta ta fita. Na ce shi ke nan, gobe sai titi. Amma bayan azahar da na dawo sai na tarar da tasa a ƙofar ɗakina da ruwa kaɗan a ciki, ɗan gurɓatacce. Ashe a kan tasar ta yi alwala don kada ya zube a ƙasa. Daga ranar kullum sai na same ta a wurin, kuma ba mu taɓa yin maganar ba.

Abinci kuwa a kasuwar raƙuma na same shi. Na ga ragar da suke ɗaure ciyawa da ita, ƙullin banza, ja ɗaya ta zame. Na sayi igiyar kaba na zauna gindin bango ina saƙa musu da ƙullin taru. Ba arziki ba ne, amma ana sha fura. Sanyi ya wuce a haka, zafi ya zo, irin wanda ke sa mutum ya manta sunan uwarsa. Ranar Juma'a in an sauko masallaci kowa ya kama hannun nasa, ni in koma bangona. Wani lokaci nakan rufe ido in ji filafili yana taɓa gefen jirgi, in buɗe in ga raƙumi yana tuƙa a gabana.

A nan Baba Ilyas ya same ni. Dattijo ne dogo, rawani ya rufe masa fuska sai idanu, idanun kuma sun sha rana. Ya ɗauki raga ɗaya ya ja, ya sake ja, ya ce da Hausar fatake, "Wa ya koya maka wannan ƙulli?"

"Babana. Masunci ne."

"Kai ɗan ina ne?"

"Gaya. Sunana Hamidu."

"To, Ɗan Gaya, ba ni guda huɗu. Timiya zan kai su."

Igiya ta faɗi daga hannuna. Na riƙe gefen rigarsa na zazzage masa labari duka, da koksur, da ruwa, da rantsuwa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ruwa akwai. Yana faɗowa, gaskiya ne. Kifi babu."

"Kun taɓa nema, Baba?"

"Me za mu yi da shi?"

"To yaya kuka san babu?"

Idanunsa suka ɗan ƙanƙance, ban sani ba ko murmushi ne. Ya ce, "Kana da taurin kai. Jibi muke tashi. Ƙafa za ka taka."

Inna Gaisha ta ƙulla mini dabino a tsumma. Da na durƙusa yin sallama ta ce, "In ka ga ruwan, ka sha ka ƙoshi tukuna kafin ka ba igiyarka."

Hanyar Timiya duwatsu ne baƙaƙe, wani bayan wani, sai kwari mai rairayi a tsakani, sai kuma wasu duwatsun. Raƙuma a jere, kowane an ɗaure shi a bayan ɗan'uwansa. Sau ɗaya suka ɗora ni a kan ɗaya don tausayi, ni da ban taɓa jin jiri a jirgi ba sai ga ni ina amai, na ce a sauke ni don girman Allah. Takalmana suka rabu biyu, Baba Ilyas ya ɗinke su da guntun fata. In an sauka sai a dama gero da cuku da dabino, ludayi ya zaga, kowa ya cusa shi ƙarƙashin rawani ya sha. Nawa a wani gwangwani ake zuba mini, don labarin kifi ya riga ni zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai a hanyar nan shi ne ban ga bakin kowa ba. A wurinsu babban mutum ya buɗe baki a gaban baƙo abin kunya ne, kusan tsiraici. Suna hira da harshensu, in an yi dariya sai dai in ga kafaɗu suna motsi. Ina cikin mutane amma ko fuska ɗaya ba ni da ita da zan kalla.

Birgi kuwa ban isa in ba shi ko ɗigo ba. Ruwan salka a ƙidaye yake, rai ne, ni ma na san wannan. Nakan dai tura hannu cikin buhu in taɓa shi. Kullum ƙara tauri yake. Wata rana na ɗan matsa sai na ji zare ya karye a yatsuna, na zare hannu da sauri, ban sake taɓawa ba. Na riƙa cewa a zuci, yi haƙuri, saura kaɗan.

Ranar da muka kusa gari, da hantsi, Baba Ilyas ya miƙa wa ƙaninsa akala ya ce su wuce. Ya dube ni ya ce, "Ɗauko kayanka."

Muka ratse muka shiga wani kwari. Da farko rairayi ne, ƙafa tana nutsewa. Sai duwatsu suka fara, manya kamar rumbuna, sai an dafa an hau, a zame ta ɗaya gefen. Tsohon nan yana tafe a kansu kamar a tsakar gidansa, ni kuwa buhu yana ja na baya, dalmar birgi tana dukan ƙashin bayana, gwiwata ta gurje har jini. Kwarin ya riƙa matsewa, bango baƙi dama da hagu, zafi ya taru a ciki ba iska. Na ce, "Baba, da saura?" Ya ce, "Taho dai." Can na lura rairayin da ke tsakanin duwatsu ya yi duhu. Na durƙusa na damƙa, da sanyi. Gaba kaɗan sai ga ciyawa kore, sai ga kashin jakuna, sai iska ta kawo mini ƙanshin jiƙaƙƙen dutse.

Sa'an nan na ji shi. Tun ban gan shi ba na ji shi, shuuu, ba ya yankewa. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Tun da na bar Gaya ban ji ruwa yana tafiya da kansa ba, sai wanda aka zuba daga tulu. Na zauna a kan dutse na yi kuka, kuka sosai, da majina. Baba Ilyas ya juya baya yana gyara takalminsa har na gama.

Da muka zagaya dutsen ƙarshe sai ga shi. Daga can sama yake sakkowa, ta wata tsaga a baƙin dutse da ya fi giginya tsawo, faɗinsa bai fi tabarma ba don rani ne, fari tas, yana watsa feshi. A ƙasa ya taru ya yi ɗan tabki, bai fi tsakar babban gida ba, gefe kore, tsakiya baƙi. Koksur bai ƙara ko kalma ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma ban ƙara gani ba.

Na kwanta da ciki na sha har haƙorana suka yi zafi, kamar yadda Inna Gaisha ta ce. Sa'an nan na tashi zaune na yi abin da babana ya koya mini, na karanta ruwan. Ba zobe a samansa. Ba kumfar numfashi. Ba ƙarni ko kaɗan. Ba zalɓe, ba wani tsuntsun da ke jiran abinci a bakin ruwa. Ƴaƴan kwaɗi ne kawai suke wutsil-wutsil a gefe. Na sani tun a lokacin, amma na ce wa kaina ruwan dutse ne, wataƙila halinsa daban, wataƙila suna can ƙasa.

Akwai mata da jakuna suna cika salkuna. Baba Ilyas ya ce, "Bari su gama, ruwan shan mutane ne." Muka jira a inuwa har suka ɗaure suka tafi, suna waiwayena. Sai ya ce, "To, Ɗan Gaya, ka zo da nisa. Jefa."

Na fito da birgin a hankali na tsoma shi a gefe. Ya sha, ya yi duhu, ya saki jiki, ƙanshin bagaruwa da na gulbinmu ya taso mini. Na ɗaura igiya a wuyan hannun hagu, na tattara shi, na ɗora wani sashi a gwiwar hannu, na kama baki ɗaya da haƙori. Na yi bisimilla, na juya, na sake shi.

Wayyo, ya buɗe! Ya buɗe zagaye cif a iska, yadda yake buɗewa a hannun babana, ya sauka a kan ruwa gaba ɗaya, dalma ta ce cas. Na ji Baba Ilyas ya faɗi wata kalma da harshensu. Na bari ya nutse, na fara ja.

Ya ƙi tahowa. A gulbinmu ƙasan ruwa laka ce da rairayi, nan kuwa duwatsu ne masu kaifi, sun riƙe shi. Na sassauta, na koma gefe, na ja a hankali. Sai na ji ta cikin igiya, ɗas, ɗas, ɗas, zare yana tsinkewa. Ban tsaya tunani ba, na tuɓe riga na faɗa.

Sanyin ya soke ni har ƙashi. Na bi igiya na nutsa can ƙasa inda haske ya yi kore, na lalubi dalma ina cire ta daga tsagar dutse ɗaya bayan ɗaya. Mu an koya mana riƙe numfashi tun kafin a yi mana kaciya, don haka na daɗe, ban ma san na daɗe ba. Na buɗe ido sosai na duba ƙarƙashin duwatsu, kowane lungu. Ba komai. Ruwa ne kawai, mai tsabta, ba kowa a cikinsa. Na tattaro abin da ya tattaru na harba ƙafa na taso.

Abin da na fara gani shi ne rawani yana yawo a kan ruwa, ya warware. Sa'an nan na ga Baba Ilyas tsaye a cikin tabkin, ruwa har ƙirji, hannuwa a miƙe yana lalube, fuskarsa a buɗe, baki a wangame, haƙoran gaba babu, yana ihu.

"Hamidu! Hamidu!"

Sau ɗaya tak na faɗa masa sunan nan, a kasuwa, kuma tun da na bar gida ba wanda ya kira ni da shi. Mutumin bai iya iyo ba, duk zuriyarsa ba wanda ya iya, kuma taki ɗaya ya rage masa ya kai inda dutsen ya yanke. Na yi wurinsa na rungume shi ta ƙugu na tura shi baya har muka zube a gefe.

Ya yi tari, ya yi tari, sa'an nan ya hau ni da faɗa. "Mahaukaci! Ɗan mahaukaciya! Mutum yana shiga ƙarƙashin ruwa ya zauna? In ka mutu me zan ce? Wa ma zan gaya wa? Ko sunan gidanku ban sani ba!" Sai ya tuna da fuskarsa. Ya kai hannu baki da sauri. Na kawar da kai, na koma na kamo masa rawanin, na miƙa masa ta baya ban duba ba. Ya naɗa shi a jiƙe yana rawar sanyi.

Na shimfiɗa birgi a kan dutse. Ya yage daga tsakiya har baki, ramin da ɗan maraƙi zai wuce, wasu wuraren kuma duk sun zazzare. Abin da ya kamo gansakuka ce da tsakuwa biyu. Na zauna a gabansa. A nan rantsuwata ta mutu, kuma na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko a ɗakin awaki, don a can ina da wurin da nake sa rai, yanzu kuwa ga ni a wurin.

Can Baba Ilyas ya ce, "Yanzu fa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Gida?"

"Da wace fuska?"

Ya daɗe yana kallon birgin. Ya ce, "Ina da garka, lambun rijiya. Ina da sa mai jan guga, ba ni da mai bin sa, ƴaƴana duk suna bayan raƙuma. Kuma akwai itacen inabi guda ɗaya da wani ya kawo mini daga arewa, kowace shekara tsuntsaye ke cinye shi kafin ya nuna. Wannan abin naka zai rufe shi."

Na ce, "Birgin babana ne za a mai da abin korar tsuntsu? Allah ya kiyaye!" Na tattara shi na cusa a buhu. Ya miƙe ya kama hanya, na bi shi, don ba ni da wani wanda zan bi.

Aikin garka ba wuya gare shi ba, sai dai ba ya ƙarewa. Ka ja sa ya yi gaba, guga ya fito daga rijiya ya juye a kwami, ka juyo da shi, guga ya koma, haka tun safe har rana ta take. Ruwa yana bin ƴan hanyoyi zuwa alkama da albasa da gindin rumman. Ina tafe ina kallon inabin nan a kan rumfarsa, ya fara ɗaukar launi, tsuntsaye suna sauka a kansa kamar an gayyace su. Tsohon yakan tsaya ya tafa hannu, su tashi, su dawo. Bai sake yi mini maganar ba, ni ne dai na gaji da gani. Wata safiya na ɗauki wuƙa na zauna na yanke dalmar ɗaya bayan ɗaya, na ɗinke yagar da zaren kaba, na hau na shimfiɗa shi a kan rumfar.

Ban sake jefa birgi ba a rayuwata. Na yi shekaru a Timiya, akushina daban har na bar ta, ba zan ce an canza ba. Ranar Juma'a bayan salla nakan hau kwarin nan ni kaɗai in zauna in saurari ruwan har la'asar. Gaya kuwa sai da furfura na sake ganinta, Sani ya riga ya kwanta dama, jirgin ma ya ruɓe.

Abu ɗaya ne ban bari ba a garkar. Kowace safiya, gugan farko in ya fito, sai in cika ƙwarya in watsa wa birgin a kan rumfa kafin in ba kowace shuka. Baba Ilyas yana gani, bai taɓa tambaya ba.

A kakar farko zazzaɓi ya kwantar da ni kwanaki, ban san inda kaina yake ba. Ranar da na farfaɗo abin da ya fara zo mini shi ne birgi, ga iskar nan mai busar da komai ta fara. Na lallaɓa ina dafa bango har garka. Tun daga nesa na ga rumfar tana ɗiga, zaren ya yi duhu, ƙasan wurin a jiƙe. Tsohon yana tafe can gaba da ƙwarya a hannu, ba komai a cikinta.

Na ce, "Baba, wa ya jiƙa shi?"

Bai waiwayo ba. "Inabina nake ba ruwa."

"Ta sama?"

"Ka warke ke nan, tun da bakinka ya dawo. Je ka kama sa, Hamidu, rana tana yi."